Tashar Jiragen Ruwa ta Apapa da Layin Dogo: Waiwaye a Kan Asalin Cunkoso

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ta Ijora zuwa Apapa a Ikko cikin shekarun 2010, ya ga tireloli da tankokin mai jere a kan gadoji, direbobi na kwana da tashi a nan har tsawon makonni kafin su shiga tasha. Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan ramukan hanya da rashin ɗa'ar direbobi. Wannan maƙala na ganin asalin matsalar ya girmi haka, domin an gina Apapa ne a matsayin ƙarshen layin dogo, sai dogon ya durƙushe ya bar wa titi kayan da ba don shi aka tsara su ba.

2.0 Kafuwar Tasha da Dogo

Turawan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya isa Ibadan a 1901. Layin Baro ya shiga Kano a 1911, sannan a 1912 aka haɗa shi da na Ikko, ko da yake sai a 1916 aka kammala gadar Jebba a kan kogin Kwara. Faɗin layin kuwa milimita 1,067 ne, wato ƙaramin layi, mai yawan kwana, wanda aka zaɓa saboda sauƙin kuɗi. A ɓangaren ruwa, rairayin bakin teku ya daɗe yana hana manyan jirage shiga Ikko, sai da aka gina katangun duwatsu aka yashe mashigar. Daga bisani aka fara ginin matsayar jirage mai zurfi a Apapa a 1921, aka kammala kashin farko a 1926.

Manufar wannan tsari a fili take, wato a kwaso amfanin gona da ma'adinai daga cikin ƙasa zuwa teku. Gyaɗar da 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka tara a Kano, da audugar ƙasar Zazzau da Katsina, da fatu da ƙiraga, da kokon ƙasar Yarbawa, duk a taragu suke zuwa har bakin jirgi. Ita kanta dalar gyaɗa shaida ce ta cewa tun a lokacin dogon yana gazawa, domin buhuna ne da ke jiran tarago. A 1955 hukumar tashoshin jiragen ruwa da ta jiragen ƙasa suka fara aiki, kowace da shugabancinta.

3.0 Durƙushewar Dogo

A 1964 jirgin ƙasa ya ɗauki kaya kusan tan miliyan 3, daga nan kuma sai koma-baya. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya noman da ke ciyar da layin, kuɗin man fetur kuma ya karkata ga gina tituna. Haka kuma akalar ciniki ta juya, tashar da aka gina don fitar da kaya ta zama ta shigo da su. A 1975 jiragen siminti ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a tekun Ikko wata da watanni. Gwamnati ta amsa da gina tashar Tin Can a 1977 da babbar hanyar Apapa zuwa Oshodi, amma ba a kai wa sabuwar tashar dogo ba. Bugu da ƙari, rumbunan ajiyar man fetur suka yawaita a yankin, tankoki daga ko'ina a ƙasa suka riƙa tururuwa a kan hanyoyi biyu kacal. Ko da aka damƙa wa kamfanoni gudanar da tashar a 2006, aikin sauke kwantena ya yi sauri a ciki, amma hanyar fitar da su tana nan yadda take.

4.0 Yunƙurin Gyara

An gyara tsohon layin Ikko zuwa Kano a 2012, an kuma sake gina manyan hanyoyin Apapa da kankare. A 2021 aka buɗe sabon dogo mai faɗin milimita 1,435 daga Ikko zuwa Ibadan, mai reshe cikin tashar, aka kuma fito da tsarin kiran motoci ta na'ura mai suna Eto. An buɗe tashar tudu a Kaduna a 2018 da ta Dala a Kano a 2023, shekarar da aka ƙaddamar da tashar Lekki. Sai dai sabon layin bai haɗe Ibadan da Kano ba tukuna.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa cunkoson Apapa ya samo asali ne daga rabuwar tasha da dogonta. Wannan rabuwa ba Ikko kaɗai ta shafa ba, domin kowace rana da mota ta kwana a layi, kuɗinta na komawa kan farashin kaya a kasuwar Kantin Kwari da kan ribar mai fitar da riɗi daga Arewa. Muddin taragu ba su koma ɗaukar kaya daga bakin jirgi zuwa cikin ƙasa ba, duk titin da aka gyara zai sake lalacewa ƙarƙashin nauyin da ya fi ƙarfinsa.