Sharhi

shar̃hī̀ *sn., nmj.*, *jam.* shar̃hōhī. (Daga Lar.)

1. Bayanin da malami ke yi don warware ma'anar littafi: *Samaruddani ~n Risala ne.*

2. Fashin baƙi kan labari ko wasa, musamman a rediyo: *~ bayan labarai, ~n wasanni.*

3. Ra'ayin da mai kallo ke bayyanawa kan fim bayan ya gani, tare da hujja: tsarin labari, iya wasan jarumai, ɗaukar hoto, ko waƙoƙin sun dace da inda aka sa su. Akan yi shi a rubuce, kamar a mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, amma mafi yawansa da baki ne, a majalisa, a shagon aski, ko tsakanin mata a tsakar gida: *sun kwana ~n Labarina, ~nta ya sa na nemi Sangaya na sake kallo, kar ka faɗa mini ƙarshensa, ~ kawai nake so.* Wanda ya tsaya ga "ya yi" ko "bai yi ba" bai kai ga ~ ba tukuna.

Kwat. suka, yabo, tsokaci, tafsiri.

Tsira: *mai ~*, jam. *masu ~*, *masharhanta* (jam.), *yi ~* (fi'ili).