Daga Dandali Zuwa Filin Wasa

Ran nan muna komowa daga kasuwar Talata Mafara, sai muka ce bari mu ratsa ta wani gari da muka yi ƙuruciya a cikinsa, mu ga dandalin da muka sha langa da kokawa. Da muka isa, wallahi ba mu gane wurin ba. Inda 'yan mata ke gaɗa an jera shaguna, tsamiyar da dattawa ke zama ƙarƙashinta an sare ta, sauran filin kuwa an yanka fuloti. Yaran garin muka tarar suna buga ƙwallo a bisa titi, in mota ta taho su watse, in ta wuce su komo. Abin ya tsaya mana a rai ƙwarai. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba ku tarihin filin wasa a ƙasarmu, ya ku 'yan makaranta, domin ku ne abin ya fi shafa, kuma gobe ku ne za ku riƙe garuruwan nan.

Ku sani tun kafin zuwan Turawa babu garin Hausa da ba shi da wurin wasa. Kowace unguwa da dandalinta. In an yi sallar lisha, farin wata ya fito, sai yara maza su taru su yi langa da kokawa, 'yan mata su ja gefe guda su yi gaɗa, sarkin samari yana tsawatawa kada wasa ya zama faɗa. In kaka ta yi, an kai amfanin gona rumbu, sai a share fage a bayan gari. Mahauta su zo da dambe, a naɗe hannu da kara, masu kalangu suna zuga su. Manoma su zo da kokawa, Fulani su zo da sharo. Wanda ya taɓa jin waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago ya san girman da fagen dambe ke da shi a ƙasar Sakkwato da Zamfara. Sarakuna kuma suna da nasu fili a ƙofar fada, kamar Kangiwa a Katsina da Ƙofar Kudu a Kano, inda ake sukuwa da hawan salla.

Amma ga abin lura. Dandali ba shi da takarda, ba shi da shinge, ba shi da turakun iyaka. Al'ada ce kaɗai ke tsaronsa. Kowa ya san wurin na jama'a ne, mai unguwa kuwa ba ya barin a gina shi. A zamanin da mutane ba su da yawa, fili kuma ko'ina akwai, wannan tsaro ya isa. Za mu ga a gaba ko har yanzu ya isa.

Turawa suka ci ƙasar Katsina da Kano da Sakkwato cikin 1903, suka zo da wasanninsu, da wata sabuwar al'ada, watau a auna fili, a yi masa iyaka, a ce wannan na wasa ne, ba na kome ba. Inda abin ya fi kama ƙasa shi ne Katsina, dalili kuwa biyu ne, Sarki da Kwaleji.

Sarkin shi ne Muhammadu Dikko, wanda ya hau sarauta cikin 1906. Mutum ne mai son dawaki, mai son ganin abin da duniya ke ciki. Cikin 1921 ya tafi aikin haji, ya biya ta Ingila. Akwai wani wasa da hafsoshin Turawa ke yi, ƙwallon dawaki, wanda ake kira folo. Asalinsa daga ƙasar Farisa ne, Turawa a Indiya suka koye shi. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, kowa bisa dokinsa, da doguwar sanda a hannu, suna korar ƙwallo a fili mai tsawon yadi 300. Sarki ya duba ya ga ai hawan doki gadonmu ne, ba abin da Bature zai nuna wa Bakatsine a bisa sirdi. Sai ya keɓe fili a Katsina, ya sa 'ya'yansa da barorinsa suka koyi wasan. Ba a daɗe ba suka fara karawa da Turawan da suka kawo shi, har suna cinye su.

Cikin 'ya'yan nan wanda ya fi shahara shi ne Usman Nagogo, wanda ya gaji uban cikin 1944, ya yi sarauta har 1981. A wasan folo ana auna gwanintar mutum da lamba, goma ita ce ƙarshe, masu kai ta kuwa a duniya duka ba su da yawa. Nagogo ya kai bakwai. 'Ya'yansa ma suka bi sawu, kamar Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman. To, kun ga, fili ɗaya da kaka ya keɓe, ɗa ya ci moriyarsa, jika ya ci. Birni ya faɗaɗa, amma filin folo bai zama fuloti ba, domin masu iko da kansu suna shiga cikinsa su yi wasa. Hausawa sun ce, idon mai gona shi ke sa gona albarka.

Kwalejin kuwa ita ce Kwalejin Katsina, wadda aka kafa cikin 1921 don horar da malamai, Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe ta cikin 1922. A nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. Daga baya aka mai da ita Kaduna cikin 1938, sa'an nan Zariya cikin 1949, ita ce yau ake kira Kwalejin Barewa. A wannan makaranta wasa ba ganin dama ba ne. In la'asar ta yi kowa sai ya fita fili, wasu ƙwallon ƙafa, wasu ƙwallon gora, wasu kurket. Amma wasan da ya fi shiga ran ɗalibai shi ne ƙwallon bango, watau fayis.

Shi wannan wasa daga makarantar Eton ta Ingila ya fito, wani malami Bature, Mista Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina, shi ya kawo shi cikin shekarun 1920. Ba ya bukatar doki, ba ya bukatar sanda. Ɗan ɗaki ne mai bango uku, ba rufi, mutum biyu suna karawa da mutum biyu, suna bugun ƙwallo da tafin hannu ta doki bango ta komo. Da ƙasa aka riƙa gina bangon a nan, aka kuma sauya ƙwallon Turawa mai tauri da ƙwallon tanis mai taushi. Watau mutanenmu sun karɓi wasan, sun gyara shi daidai da ƙarfinsu. Ahmadu Bello, wanda ya zauna kwalejin daga 1926 zuwa 1931, ya zama gwani har ya shugabanci 'yan wasan, bai kuwa bar shi ba ko da ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Malaman da kwalejin ta yaye suka watsu cikin larduna, duk inda suka sauka sai su nemi a gina bango. Ga shi yau, shekara ɗari ke nan, ana buga fayis a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi, ana kuma gasar kofin da aka sa wa sunan Sardauna.

Wannan labari bai yi nisa da mu ba. Cikin 1938, shekarar da aka naɗa shi Sardaunan Sakkwato, aka aiko Ahmadu Bello Gusau ya duba gundumomin gabas. Gusau a lokacin tana tasowa ne saboda jirgin ƙasa, wanda ya ratsa ta ya kai Ƙaura Namoda cikin 1929. Babban filin wasan Gusau sunan Sardauna aka sa masa don tunawa da shi.

Bayan samun mulkin kai cikin 1960 sai aka shiga zamanin manyan filaye masu benaye na siminti. Aka gina na Kaduna mai sunan Ahmadu Bello, da na Kano a Ƙofar Mata, inda aka buga wasu wasannin gasar matasa ta duniya cikin 1999, da na kofin Afirka cikin 2000. A Katsina aka soma ginin filin Karkanda cikin shekarun 1990, aikin ya tsaya shekara da shekaru, sai cikin 2013 aka buɗe shi, yana ɗaukar mutum 35,000. Cikin 2016 aka sa masa sunan Muhammadu Dikko. Wannan suna ya dace, babu shakka. Amma ku dubi bambanci. Bangon fayis magina kaɗan ke tayar da shi cikin 'yan makonni, babban filin nan kuwa ya ci kusan shekara ashirin. Kuma a babban fili mutum 22 ne ke wasa, dubbai suna zaune suna kallo. Ba mu ce kada a gina irinsa ba, birni yana bukatarsa. Abin da muke cewa shi ne ba ya maye gurbin dandali. Yaron da ke Birnin Tudu ko Maradun, me filin babban birni zai tsinana masa ran Laraba da la'asar?

Mu leƙa maƙwabta mu ga dabararsu. A Nijar, cikin 1975, gwamnati ta kafa gasar kokawa ta ƙasa duka, aka yi ta farko a Tawa, wanda ya yi nasara ana ba shi takobi. Kantu, mutumin Maraɗi, yana cikin zarata na farko, sunansa kuma aka sa wa fagen kokawar Maraɗi. Aka gina fage a manyan garuruwan jihohi, gasar tana zagayawa daga wannan zuwa wancan. Su ba su raina wasan kakanninsu ba, sun yi masa gida.

A Ingila ma sun taɓa shiga irin halin da muke ciki. Da masana'antu suka cika birane, gidaje suka cinye filaye, 'ya'yan talakawa suka rasa wurin wasa sai lungu. Garin Birkenhead ya buɗe lambun shaƙatawa da kuɗin jama'a cikin 1847. Cikin 1925 aka kafa ƙungiya musamman don tsaron filayen wasa, wadda daga baya ta yanke ƙa'ida cewa kowane mutum dubu a keɓe musu eka shida. Da Sarki Joji na Biyar ya rasu cikin 1936, sai aka tara kuɗi aka sayi filayen wasa 471 da sunansa, aka ɗaure su da doka yadda ba mai iya sayarwa. Kun ji inda suka fi mu, watau takarda.

To, mu komo gida. Garuruwanmu suna girma, ba kuwa da wasa ba. An gama madatsar ruwan Bakolori cikin 1978, noman rani ya jawo mutane. An ƙirƙiro Jihar Zamfara cikin 1996, ma'aikata suka ƙaru, ga makarantu manya a Talata Mafara da Bakura. Ga kuma 'yan'uwanmu da rashin zaman lafiya ya koro daga ƙauyuka, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Duk waɗannan suna bukatar wurin kwana, kuma hakkinsu ne. Mutanen Birnin Tudu kuwa ba sai an gaya musu darajar ƙasa ba, su da suka rasa rayuka cikin 1980 a kan rigimar diyyar gonakin Bakolori. Saboda haka fili ya yi tsada, al'adar da ta tsare dandali shekaru aru-aru ba ta iya tsare shi yau ita kaɗai. In ba a yi wani abu ba, ranar da za a farga, ba sauran wurin da za a keɓe. Tun ran gini, ran zane.

Me tarihin nan ya koya mana? Na fari, fili yana daɗewa in an yi masa iyaka da takarda. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da iznin riƙonsu. Ya kamata dattawa da hakimi su nemi a rubuta cewa dandalin gari na jama'a ne. Na biyu, a fara da abin da ƙarfi zai iya. Filin ƙwallon ƙafa bai wuce eka biyu ba. A share shi da gayya, a cike ramuka, a yi magudanar ruwa don damina, a kewaye shi da dogon yaro, wanda zai zama shinge ya kuma zama inuwa. Na uku, kada a manta da namu. A bar fagen kokawa da langa a gefe, a keɓe wa 'yan mata nasu wuri mai sutura, a ajiye wa dattawa benci ƙarƙashin itace su yi dara. Filin da dattijo ke zama cikinsa kullum, da wuya a sayar da shi a ɓoye.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Kun koyi awo a aji, to, ku ɗauki igiya ku auna dandalin unguwarku, ku zana taswirarsa, ku rubuta tsawo da faɗi. Ku tambayi tsofaffi sunansa, da wasannin da aka yi cikinsa, da gwanayen da ya fitar. Ku kai wa malaminku, shi kuma ya kai wa mai unguwa cikin ladabi. In damina ta faɗi kowa ya dasa itace ɗaya a bakin iyaka, ya riƙa ba shi ruwa har ya kama. Sarki Dikko bai ga jikokinsa duka a bisa doki ba, amma ya bar musu wurin hawa. Allah ya ba mu ikon bar wa na bayanmu irin wannan, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.