Harsashi Ɗaya a Aljihu: Tarihin Bindigar Farko ta Yaron Amurka

Ranar 24 ga Maris, 1900, a wata gona da ke gundumar Pike ta jihar Ohio, wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Press Clay Southworth ya hangi baƙuwar tsuntsuwa tana tsattsagar masara kusa da rumbunsu. Ta fi kurciya girma, ga doguwar wutsiya. Ya ruga cikin gida ya roƙi mahaifiyarsa ta bar shi ya ɗauki bindigar gidan, ta yarda, ya fita ya harbo ta. Da ya shigo da ita a hannu, iyayensa kallo ɗaya suka yi mata suka gane ta, domin sun taso a zamanin da irin wannan tantabarar daji kan rufe rana idan garkenta ya taso. Shi kuwa yaron bai taɓa ganin ko ɗaya ba sai ran nan.

Masana sun ƙiyasta cewa tantabarun nan sun kai biliyan uku zuwa biyar a Amurka ta Arewa. 'Yan kasuwar nama ne suka yi musu ɗiban karan mahaukaciya: wayar tangarahu ta faɗa musu inda garken ya sauka, jirgin ƙasa ya kwashi naman ganga-ganga zuwa birane. Cikin shekaru kamar talatin aka gama da su. Wadda Southworth ya harbo an daɗe ana ɗaukarta a matsayin ta ƙarshe da aka kashe a daji, kafin bincike ya gano wasu ɗaya ko biyu bayanta. Wata mata ce ta cusa fatarta, ta sa mata maɓallai a gurbin idanu, shi ya sa ake kiranta Buttons, kuma tana nan a gidan tarihin jihar a birnin Columbus. Ta ƙarshe a duniya, mai suna Martha, ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati ranar 1 ga Satumba, 1914.

Babu mai ɗora wa yaron nan laifi, abin da ya ga manya suna yi ya yi. Amma shekarun da ya rayu a cikinsu su ne suka sauya ma'anar miƙa wa yaro bindiga a karkarar Amurka. Kafin lokacin, kayan neman abinci ce kamar fartanya. Bayan tsuntsaye sun fara ƙarewa, sai ta koma wata makaranta da uba ke sa ɗansa don ya koyi kame hannu.

Labarin Annie Oakley, shahararriyar gwanar harbi, ya isa shaida kan zamanin farko. An haife ta a 1860 a gundumar Darke, ita ma a Ohio, mahaifinta ya rasu tana ƙarama ya bar gida cikin babu. Tana wajen shekara 8 ta ɗauki tsohuwar bindigarsa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, 'yar uwar bindigar tokar da maharbanmu suka sani. Salwa da zomaye take harbowa ta kai wa wani mai kanti a garin Greenville, shi kuma ya tura otal-otal. Kafin ta wuce shekara 15 ta biya bashin da ke kan gonar mahaifiyarta. Ba wanda ya zauna ya zaɓa mata bindiga daidai tsawon hannunta. Wadda ke rataye a bango ita ce ta kowa.

Masana'antun jihar Massachusetts ne suka kawo zaɓi. Kamfanin Harrington & Richardson na garin Worcester, da J. Stevens na Chicopee Falls, da Iver Johnson na Fitchburg, duk suna ƙera wata bindiga mai baki ɗaya a farkon ƙarni na 20. Iver Johnson ya fito da tasa mai suna Champion a 1909. Kamfanin Winchester ya biyo baya da Model 37 a 1936, kuma kafin ya daina yin ta a 1963 ya ƙera fiye da miliyan ɗaya. Manomi ba ya ma buƙatar zuwa birni. Ya buɗe ƙaton littafin kayan kantin Sears ko na Montgomery Ward, ya aika kuɗin da a farkon ƙarnin ba su kai dala goma ba, bindiga ta iso shi a cikin kwali. Gidaje da yawa ranar Kirsimeti ake buɗe kwalin, ko ranar da yaro ya cika shekara 10 ko 12.

Yadda aka gina ta abin a tsaya a duba ne. Ana tura wani ɗan ƙarfe da babban yatsa sai ta karye biyu a tsakiya, kamar an naɗe wuƙar aljihu. A zura harsashi ɗaya, a rufe, a ɗana ta da yatsa, sannan a ja kunama. Shi ke nan kayan cikinta. Talauci ne ya haife ta, don ita ce mafi arha da maƙera za su iya yi, amma iyaye suka gano mata wani amfanin da masu kamfani ba su yi lissafinsa ba. Idan yaro ya rataya ta a karye a kan hannunsa, uba daga nesa yana ganin ramin bututun, ya san ba abin da zai tashi. Idan za a tsallake shinge ko rafi, a karya ta, a cire harsashi, a sa a aljihu. Sannan wanda ya san harbi ɗaya gare shi ba ya ɓarnatar da shi a kan tsuntsun da ya yi nisa. Akwai iyayen da ke ƙidaya wa yaro harsasai da safe, da yamma kuma su tambaye shi lissafin kowanne. Wasu ma sai yaro ya yi kaka guda yana bin su da bindiga ba komai a cikinta, suna lura da inda yake juya bakinta, kafin a ba shi harsashin farko.

Aldo Leopold, wanda daga baya ya zama uban ilimin kula da namun daji a Amurka, da irin wannan bindigar ya fara. An haife shi a 1887 a Burlington, jihar Iowa, a bakin kogin Misisipi. Mahaifinsa Carl maharbi ne da ya sa wa kansa iyaka tun doka ba ta sa ba, har ya daina harbin agwagin daji a bazara lokacin da suke shirin ƙwai. A littafinsa A Sand County Almanac, wanda ya fito a 1949, Leopold ya ba da labarin sharaɗin da uban ya gindaya masa ranar da ya ba shi bindiga: ya halatta ya harbi makwarwar daji, amma ba wadda ke zaune a kan reshe ba, sai wadda ta tashi. Karensa kuwa gwani ne wajen kora su kan bishiya. Yaro yana tsaye, ga nama a saman kansa ba motsi, ga umarnin uban da ba ya wurin. Kaka biyu ya yi yana dawowa hannu rabbana kafin ya sauko da ta farko daga iska. Duk wanda ya taɓa riƙe danƙo yana yaro, kurciya ta sauka gabansa a kan dangar gida, ya san nauyin abin da aka nema daga yaron nan.

Abin da Carl Leopold ya yi don ra'ayin kansa, gwamnati ta mayar da shi doka sannu a hankali. Dokar Lacey ta 1900 ta hana tsallaka iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Dokar tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta kashe kasuwar namansu. A 1934 aka fito da kan sarki na musamman, dala ɗaya, wanda duk mai shekara 16 zuwa sama sai ya saya kafin ya harbi agwagwar daji, kuɗin kuma a sayi fadamu da su. A 1935 aka ce bindiga mai ɗaukar harsasai da yawa sai an toshe ta yadda ba za ta riƙe fiye da uku ba idan tsuntsaye masu ƙaura za a harba. Sai dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ta karkatar da harajin dogayen bindigogi da harsasai, kashi 11 cikin ɗari a yau, zuwa kula da daji. Ke nan uban da ya sayo wa ɗansa bindiga ya biya wani abu na ciyawar da tsuntsun zai yi sheƙa a ciki.

Gardamar da ba ta ƙare ba har gobe ita ce ta faɗin bututu. Lissafin tsoho ne na Ingila: a ɗauki darma mai nauyin laba ɗaya, wajen giram 454, a raba ta dunƙule-dunƙule daidai wa daida. Idan dunƙule 12 aka samu, kowanne kuma ya cika bakin bututun cif, bindigar mai lamba 12 ce, faɗinta wajen milimita 18.5. Mai lamba 20 ta fi ta ƙanƙanta, wajen milimita 15.6. Wato lamba na hawa, baki na tsukewa. Ƙaramarsu, wadda ake kira .410, ita da inci aka auna ta, milimita 10 da ɗan ɗori.

Shekara da shekaru .410 ake saya wa yara, kuma dalilin a fili yake: ba ta da nauyi, ba ta dukan kafaɗa, ƙararta ba ta firgitarwa. Amma bindigar tsuntsu ba ƙwaya ɗaya take fitarwa ba, ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi take watsawa kamar an wurga tsabar gero. Harsashin .410 giram 14 zuwa 19 yake ɗauka, na mai lamba 20 wajen 24, na mai lamba 12 wajen 32. Ƙwayoyi kaɗan na nufin raga mai manyan ƙofofi, kurciya ta bi ta tsakiya ta wuce, ko kuma, abin da ya fi muni, ta tafi da rauni ta mutu a inda ba mai tsintarta. Shi ya sa tsofaffin maharba da yawa ke cewa .410 bindigar gwanaye ce da aka yi kuskuren ba 'yan koyo. Hujjarsu ta fi ƙarfi. Yaron da ya yi harbi ashirin bai sami komai ba yakan ɗauka shi ne bai iya ba, alhali kayan aikin ne suka gaza masa. Tun da kamfanin Remington ya fito da Model 870 a 1950, aka kuma riƙa yin ta da gajeren gindi don yara, mai lamba 20 ta yi ta cin kasuwa.

Ita ma tsohuwar mai baki ɗaya ba ta rasa aibi ba, kuma bai kamata ƙauna ta sa a ɓoye shi ba. Rashin nauyinta ya sa take naushin kafaɗa fiye da mai nauyi da ke cin harsashi iri ɗaya, har yaro ya koyi runtse ido kafin ya ja kunama, ɗabi'ar da ke da wuyar bari. Ƙarfen ɗanawar kuma yana da tauri. Idan tsuntsu ya wuce ba a harba ba, dole ƙaramin yatsa ya sauke shi a hankali, a cikin sanyi, wani lokaci da safar hannu, kuma nan ne yakan suɓuce. Akwai wani haɗarin da ya shafi gidan da uba ke da mai lamba 12, ɗa ke da mai lamba 20. Ƙaramin harsashi idan ya shiga babbar bindiga zamewa yake yi ya maƙale a cikin bututu, mai ita ya ga kamar ba komai, ya ƙara wani a baya, bututu ya fashe a hannunsa. Saboda wannan ne masu ƙera harsashi a Amurka suka ware launin ruwan ɗorawa ga mai lamba 20 kaɗai, don ko a duhun asuba a bambance shi.

Haɗurran sun yi yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da dazuzzuka suka cika da sababbin maharba. Jihar New York ce ta fara wajabta darasin kiyaye haɗari kafin a ba sabon maharbi lasisi, a 1949, sauran jihohi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Karatun da a da uba ke bayarwa a bayan rumbu ya koma aji, da malami da jarrabawa da kati. Sannan kisan Shugaba Kennedy a 1963 da bindigar da aka yi odarta ta gidan waya, da kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, suka jawo dokar da ta rufe wannan hanyar ciniki a shekarar 1968 ɗin. Dokar ta kuma hana dillali mai lasisi sayar wa wanda bai kai 18 ba doguwar bindiga. Kwalin Sears ya daina zuwa ƙofar gida. A 1991 aka hana harbin agwagi da ƙwayar darma a faɗin ƙasar, saboda tsuntsaye na haɗiye wadda ta zube a fadama ta zame musu guba, aka koma ta ƙarfe.

Yau al'adar tana ja da baya tare da ƙauyen da ya haife ta. Masu lasisin farauta sun kai wajen miliyan 17 a farkon shekarun 1980, amma ƙidayar hukumar kifi da namun daji ta 2016 maharba miliyan 11.5 ta samu. Gonaki ƙanana sun haɗe sun zama manya, an share shingayen ciyayi, salwar da ake kira bobwhite ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari tun shekarun 1960. Hukumomin jihohi, waɗanda kuɗin lasisi ke riƙe da su, sun ware wa yara ranakun farauta na musamman, sun kuma fito da lasisin ɗan koyo da ke barin yaro ya fita tare da babba kafin ya yi jarrabawa. A 2015 aka daina ƙera bindigogi masu baki ɗaya na Harrington & Richardson.

Tsofaffin dai suna nan birjik a gidaje, don ba su da abin lalacewa. A jikin da yawa daga cikinsu akwai wani siririn layi da ya zagaye katakon gindin, inci ɗaya ko biyu daga ƙarshe. Wurin da wani uba ya sa zarto ne ya rage tsawon don hannun ɗansa ya kai ga kunama. Ya ajiye guntun katakon a cikin durowa, bayan shekara uku ko huɗu da yaron ya miƙe, ya ɗauko ya manna shi a inda ya yanke.