Yadda sauya allurar mura ya zama al'adar shekara-shekara

Allurar rigakafin mura mai tsanani ba irin ta ƙyanda ba ce da ake yi a huta. Kowace shekara sai an sake haɗa ta. Dalili yana jikin ɓawon ƙwayar cutar, inda furotin iri biyu suka tsiro kamar ƙayoyi. Da na farko, mai alamar H, ƙwayar ke kama bangon hanyar numfashi. Na biyu, N, shi ke sakin sababbin ƙwayoyi su bazu. Su garkuwar jiki ke shaidawa, su ne kuma ba sa zama da kama ɗaya.

A 1933 aka fara ware ƙwayar daga jikin mutum a Landan. A 1941 George Hirst ya lura a birnin New York cewa tana dunƙule jajayen ƙwayoyin jinin kaza, jinin wanda ya warke kuwa yana hana dunƙulewar. Da wannan gwajin aka samu hanyar bambance iri da iri, kuma har yau ana aiki da shi. Amfaninsa bai jima ba ya fito: allurar da ta kare sojojin Amurka a 1945 ta kasa taɓuka komai a 1947, domin ƙwayar ta riga ta sauya. A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa ɗakunan bincike na ƙasashe su riƙa bin sawunta.

Wani lokaci sauyin na gaba ɗaya ne. A 1957 wata ƙwayar mura mai suna H2N2 ta ɓullo da furotin biyu baƙi, ta hallaka mutane fiye da miliyan ɗaya. H3N2 ta 1968 ta riƙe tsohon N, ana kuma ganin hakan ya rage mata kaifi a wasu ƙasashe. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne dawowar H1N1 a 1977: yara da matasa ta fi kwantarwa, manya kuwa jikinsu bai manta haɗuwarsu da ita kafin 1957 ba.

Yanzu masana kan zauna a Fabrairu domin arewacin duniya, a Satumba domin kudanci, su zaɓi irin da za a sa a allura. Haɗa ta, galibi cikin ƙwan kaza, kan ci kusan wata shida, shi ya sa wata shekarar ƙwayar kan riga allurar sauyawa.