Mai Tabla Ba Ɗan Rakiya Ba Ne: Nazari kan Kiɗan Sitar da Tabla na Arewacin Indiya

Yawancin Hausawa sun san amon sitar da tabla ne ta finafinan Indiya da suka cika gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos tun shekarun 1960. Abin da ake ji a fim kuwa ɗan tsakure ne na minti biyar. A kiɗan asali na arewacin Indiya, wanda ake kira Hindustani, mai sitar da mai tabla kan zauna dirshan a kan darduma su shafe awa guda ko fiye suna warware raga, wato tsarin muryoyi, ɗaya tak. A al'adance sunan mai sitar ake rubutawa da manyan baƙaƙe, na mai tabla kuma a saƙala shi a ƙasa. Ra'ayina shi ne wannan jeri ya samo tushe daga matsayin mutane a fada, tsarin kiɗan kansa bai yarda da shi ba.

Gaskiya ne mai sitar ke buɗe fage shi kaɗai. A sashen farko, wato alap, babu ganga ko kaɗan. Yana bin muryoyin raga ɗaya bayan ɗaya a natse, yana jan tsirkiya gefe a kan lanƙwasassun ƙarafan da ke wuyan sitar har murya ta zame daga wannan mataki zuwa wancan ba tare da ta yanke ba. Wannan ja shi ake kira meend. A ƙarƙashin manyan tsirkiyoyi shida ko bakwai akwai wasu siraran guda 11 zuwa 13 da ba a cika taɓa su ba, su ke amsawa da kansu duk lokacin da aka buga muryar da ta dace da su. Daga alap sai jor, sai jhala, sauri na ƙaruwa, mai tabla kuma yana zaune da hannuwa a cinya. Wanda ya tsaya nan zai ce an gama magana, sitar ce uwar tafiya.

Da zarar an shiga sashen gat sai lamari ya sauya. Kiɗan ya koma tafiya cikin zagaye da ake kira tala. Mafi shahara shi ne tintal mai bugu 16 da aka raba huɗu huɗu. Akwai jhaptal mai 10 da rupak mai 7. Bugun farko, wato sam, shi ne mahaɗa: duk nisan da mai sitar ya yi cikin ƙirƙira, dole ya dawo ya sauka daidai kansa. To wa ke riƙe masa hanya? Mai tabla ne, kuma da sauti yake nuna masa inda aka kwana. A tintal, idan aka shiga kashi na uku sai ya ɗauke muryar babbar gangar, zagayen ya yi sakayau na ɗan lokaci, da haka abokin kiɗa da masu sauraro ke gane cewa an wuce rabi, sam na tafe. In ya yi gaggawa ko ya ja ƙafa da ƙyas, ginin mai sitar ya rushe gaba ɗaya.

Ganga biyun da kansu sun isa shaida. Ƙaramar ta hannun dama, dayan, ta itace ce, kuma da 'yar guduma ake daidaita ta har muryarta ta yi daidai da tushen muryar sitar. Baƙin tabon da ke kan fatar, wanda ake haɗawa da garin ƙarfe da ƙullun shinkafa ko alkama, shi ke ba ta amo tsayayye kamar ƙararrawa. Babbar ta hagu, bayan, yawanci ta tagulla ce, makaɗi yana danna fatarta da gindin tafin hannu yana zamewa, muryar ta hau ta sauka yadda kalangu ke yi idan an matse tsarkiyarsa a hammata. Kowane bugu yana da suna, irin su dha da dhin da tin, ɗalibi kuma sai ya haddace su da baki kafin malami ya bar shi ya ɗora hannu sosai. Ilimin da ya haifar da gidajen koyarwa shida, na Delhi da Ajrada da Lucknow da Farrukhabad da Benares da Punjab, kowanne da salonsa, ya wuce a kira shi rakiya.

Ina ƙasƙancin ya fito ke nan? Ana yawan jingina ƙirƙirar sitar da tabla ga mawaƙi Amir Khusrau, wanda ya rasu a 1325, amma masu bincike sun fi karkata ga cewa a ƙarni na 18 suka bayyana da siffarsu ta yanzu. Tabla ta daɗe tana bin mata mawaƙa da masu rawa a gidajen nishaɗi, tabon wannan sana'a kuma ya bi makaɗanta. Daniel Neuman, a littafinsa na 1980 kan rayuwar makaɗan arewacin Indiya, ya nuna yadda rabuwar jagora da mai rakiya ta bi zuriya da daraja a cikin al'umma.

Mai sitar Ravi Shankar, ɗalibin Allauddin Khan na garin Maihar, yana cikin waɗanda suka karya wannan shinge. Ya riƙa ba mai tablarsa Alla Rakha fili ya nuna gwanintarsa, suka kuma yaɗa salon tambaya da amsa, inda sitar ke jefa jimla tabla ta mayar mata nan take. Dubban matasan Amurka sun ga haka a bikin Monterey a 1967 da na Woodstock a 1969. Ɗan Alla Rakha, Zakir Hussain, wanda ya rasu a Disambar 2024, ya kai matsayin da sunansa kaɗai ke cika zaure.

Masu ra'ayin mazan jiya suna da ƙorafi, kuma ban raina shi ba. Sun ce tun da tafi ya koma kan gudu da gasar hannu, alap ya fara gajarta, alhali nan ne ran raga yake. Wanda ya saurari dogayen alap na mai sitar Nikhil Banerjee, ko yadda Vilayat Khan ke sa sitar ta yi kamar maƙogwaron mawaƙi, zai san abin da ake tsoron rasawa. Sai dai laifin na masu neman tafi ne, ba na darajar da tabla ta samu ba. Gwanin mai tabla ya fi kowa sanin lokacin da zai ja baya, domin riƙe zagaye a hankali na tsawon minti 20 ba tare da karkacewa ba ya fi ruwan bugu wuya.

Ina kira ga mai karatu da ya nemi rikodin Ravi Shankar da Alla Rakha, ya jira har tabla ta shigo, sannan ya ƙirga 16 da yatsunsa har ya kama sam da kansa. Daga nan sai ya yanke hukunci kan wanda ke rakiyar wani.