Sifirin da Taya: Tarihin Tsayin Mota a Iyakar Jibiya

Tun kafin Ingila da Faransa su ja layin iyaka da yarjejeniyoyin 1904 da 1906, fatake ke bin ƙasar Jibiya da jakuna da raƙuma tsakanin Katsina da Maraɗi. Ƙasa ce ta yashi, kuma Gulbin Gada, wanda ke zama Gulbin Maraɗi idan ya shiga Nijar, yana cika da damina ya bar rairayi da rani. Da mota ta iso wannan yanki, daga Kusa zuwa Magama har Ɗan Isa a tsallaken iyaka, abin da direba ya fara dubawa shi ne ratar da ke tsakanin cikin motarsa da ƙasa.

Manyan motocin bodin katako ne suka fara karɓar aikin raƙumi, suna jigilar gyaɗa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kano, inda dogo ya isa a 1911. Jami'an mulki kuma suka riƙe Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a 1948. Dukansu a kan faifan sifirin suke zaune, wato ƙarafa masu lanƙwasa da aka jera ɗaya bisa ɗaya. Idan ɗaya ya karye, maƙeri ko mai walda ya isa ya tayar da motar.

Sai zamanin Peugeot. A 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma a shekarar ce 504 ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka, tseren da ake yi a kan burji da taɓo. Ƙafafunta suna da dogon zangon hawa da sauka, shi ya sa take shanye gargada ba tare da ta jijjiga fasinja ba. Wagon ɗinta na da sifirin mai naɗi guda huɗu a baya, a-kori-kurarta kuma faifai. Da waɗannan biyu aka yi shekaru ana lodin fasinja da buhunan hatsi a tashoshin Katsina, kuma an ci gaba da haɗa 504 a Kaduna bayan an daina yin ta a Faransa da daɗewa.

Rufe iyaka shi ya fi komai ɗaga motocin yankin. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufewa a Agustan 2019, ita Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya jawo wani rufin, har zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk lokacin da aka datse kwalta, 'yan fito sukan koma hanyoyin daji da shinkafa da man fetur, kuma a can mota mai gajeren tsayi ba ta da amfani.

A garejin bakanike aikin ɗaga motar a bayyane yake. Za a ɗaga bayan mota da jak, a kwance ƙafa, a zare sifirin na asali a sa mai kauri, ko a ƙara faifai ɗaya ko biyu idan a-kori-kura ce. Motar za ta fito da gindi a sama, hanci a ƙasa, kamar ragon da ke shirin karo. Sai an jibga mata kaya sannan take daidaita. Daga nan a wuce wurin mai faci. Ƙarin inci biyu a faɗin taya daga sama zuwa ƙasa inci ɗaya kawai yake ƙara wa tsayin mota, amma yana rage mata ƙarfin tashi, ya ƙara shan mai, allurar gudu kuma ta riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun. Idan aka zo yashi, gwanin direba yakan rage iskar tayoyi domin su baje su hau saman rairayi, ya sake ƙara ta in ya koma kwalta.

Shekarun baya-bayan nan na Toyota ne. Yaƙin Chadi da Libiya na 1987 ya nuna wa duniya abin da Hilux da Land Cruiser ke iyawa a hamada, kuma yau su ne motocin sintirin kwastam da sojoji a wannan iyaka, wasunsu da dogayen tayoyin 7.50 a kan wili mai inci 16.

Turai ta bi wata hanyar. Citroën ta fito da DS a 1955, motar da direba ke ɗagawa da saukewa daga mazauninsa ta hanyar matsin mai da iskar gas. A farkon shekarun 1990 Range Rover ta koma jakunkunan iska na roba, waɗanda famfon lantarki ke hurawa. Dabara ce mai kyau: mota ta yi ƙasa a kan kwalta, ta miƙe a daji, ta daidaita kanta idan kaya sun yi nauyi. Sai dai zafi da ƙura na cin roba, kuma idan jaka ɗaya ta huje sai motar ta durƙushe, gyaranta kuma na buƙatar kwamfuta da kayan da ba a samu a ƙauye. Shi ya sa da yawa daga masu irin waɗannan motoci na hannu suke kai su gareji a Katsina ko Kano, a cire jakunkunan a mayar musu da sifirin na ƙarfe.