Shehu Magili, Yahudawan Tuwat da Mu 'Yan Zango

Yawancinmu a nan Kachia ba mu taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, amma sunan ba ya barin bakinmu. Dillali ya ƙi rage kuɗin buhun citta, sai ka ji an ce, "Ai wannan Bayahude ne." To, a ina muka gaji ƙin mutanen da ko gaisawa ba mu taɓa yi da su ba?

Tushe na farko yana Madina. Da Manzon Allah (SAW) ya yi hijira a 622, ya tarar da ƙabilun Yahudawa, aka rubuta yarjejeniya: kowa da addininsa, tsaron gari kuma na kowa ne. Daga baya zama ya lalace. An kori Banu Ƙainuƙa a 624, Banu Nadir a 625, sannan a 627 aka kashe mazan Banu Ƙuraiza bisa zargin haɗa baki da maƙiya lokacin Yaƙin Gwalalo. Ayoyi masu zafi sun sauka a kan wannan rikici. Sai dai rigimar ta ƙabilu sanannu ce, a gari ɗaya, a lokacin yaƙi. Shi kansa Manzo ya auri Nana Safiyya, 'yar shugaban Banu Nadir, ya kuma yi wafati sulkensa na jingine a hannun wani Bayahude.

Bayan nan fiƙihu ya sa Yahudawa da Nasara cikin ahlul zimma, wato 'yan amana: su biya jiziya, a kare musu rai da dukiya da addini, amma suna ƙasa da Musulmi a daraja. Wani zubin amanar ta riƙe, wani zubin a ci ta. A Garnada ta ƙasar Andalus an yi wa Yahudawa kisan gilla a 1066. A 1492 kuwa, da sarakunan Kirista na Sifen suka kore su, Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ne ya buɗe musu ƙofa.

Inda labarin ya taɓo ƙasar Hausa shi ne Tuwat, zangon fatake a tsakiyar Sahara, cikin Aljeriya ta yau. Wani ɗan kasuwar Italiya, Antonio Malfante, ya rubuto daga can a 1447 cewa Yahudawa na zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari, kuma ciniki da yawa ta hannunsu yake bi. Sai ga Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan. Ya ce Yahudawan sun warware amana tunda sun kusanci masu mulki sun daina ƙasƙantar da kai, saboda haka a rushe wurin ibadarsu na Tamantit. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce atafau, Shari'a ba ta yarda ba. Aka aika wa malaman Fas da Tunis da Tilimsan, ra'ayi ya rabu biyu. Wajen 1492 mutanen Magili suka rushe ginin, aka kashe na kashewa, saura suka watse.

Wannan Magilin ne ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha kan mulkin adalci, ya zauna Katsina, ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. Sharifan Kano na danganta kansu da shi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya yi ta kafa hujja da rubuce-rubucensa. Malaminmu ne, ba mu musun falalarsa. Amma malami ba ma'asumi ba ne, kuma alƙalin da ya ja da shi ɗan mazhabar Malikiyya ne kamarsa, littattafansu ɗaya.

Wani kason na abin da muke maimaitawa yau ma ba daga littattafanmu ya fito ba. Ƙagen cewa Yahudawa na amfani da jinin mutane a ibada tsohuwar tatsuniyar Turai ce, ta yi ƙarfi a ƙasar Larabawa bayan wata shari'a a Dimashƙa a 1840. Littafin da ke cewa dattawansu sun ƙulla makircin mallake duniya a Rasha aka buga shi a 1903, a 1921 wata jaridar Landan ta tona cewa jabu ne, amma duk da haka aka juya shi zuwa Larabci. Kafa Isra'ila a 1948 da wahalar Falasɗinawa suka ƙara wa wutar itace. Jin zafin abin da ake yi wa Falasɗinawa daidai ne, sukar gwamnati ma haka. Ɗora laifin a kan duk wanda aka haifa Bayahude kuwa zalunci ne.

Yanzu mu dubi kanmu. Su wane ne 'yan tsiraru masu kasuwanci, waɗanda kakanninsu suka zo fatauci suka zauna, ake ce musu baƙi bayan shekaru aru-aru? A kudancin Kaduna mu ne. Mun ga Kafanchan a 1987, mun ga Zangon Kataf a 1992 inda rigimar matsar da kasuwa ta ci rayuka, mun ga Zonkwa a 2011. An ƙone masallatai, an ƙone coci-coci, kowane ɓangare ya binne nasa. Duk lokacin da aka ce "Hausawa duk halinsu ɗaya", mun san inda maganar ke ƙarewa.

Saboda haka idan za mu ba 'ya'yanmu labarin Magili, mu haɗa musu da na al-Asnuni. Ran da abu ya ɓaci a Kachia, irin wannan alƙali muke fatan samu cikin maƙwabtanmu Adara da Jaba da Kuturmi: mutumin da zai tsaya gaban nasa ya ce ba a taɓa ɗan amana. Abin da muke roƙo a yi mana, bai kamata mu hana wa wani ba, ko da a baki ne. Allah Ya zaunar da mu lafiya.